Ruwan Zafin Sha'aibu Mai Shayi

"Sake hwaɗi in ji da kunnena. Wa kinka ce kina so?"

Inna Asibi ce ta yi tambayar. Ba ta ko ɗago kai ba, tana ta tsefe gashinta da ya zubo har ƙasa ya naɗe ƙafar kujera.

Kyauta ta durƙusa a bakin ƙofa. "Sha'aibu, Inna... mai shayin bakin tashar Ƙaura."

"Ɗan Adam."

"Ɗan Adam ne, Inna."

"To tashi ki ba ni wuri, tun ban tsinke miki fiffike ba."

Kyauta aljana ce. Shekarunta casa'in, wanda a lissafin aljanu yarinya ce da ba ta gama hankali ba. Garinsu yana ƙarƙashin yashin gulbin Gagare, gari mai gidajen farin dutse, inda dabino ke nuna kowane wata, tsuntsaye kuma suna gaida mutum da sunansa.

Ba ta san mahaifiyarta ba. Tana jaririya wata mata a Zurmi ta watsa tafasasshen ruwa bayan ɗaki ba tare da ta yi bisimilla ba, ya sauka a kan uwar tana shayarwa. Uwar ta rufe jaririyar da jikinta, ta kwana biyu ta cika. Asibi, aminiyar marigayiyar, ita ta ɗauki Kyauta ta zama uwar goyonta. Ita ta koya mata hawan guguwa. Ita take kai ta kasuwar Shinkafi su zauna a tozon raƙuman fatake ba wanda ya gan su, su kwance wa mai rowa bakin buhu, su yi ta dariya har gida.

Asibi tana son Kyauta, wannan ba ƙarya. Amma so ne irin na mai tsuntsu a keji. Kuma ta tsani mutane. Tun da shari'a ta zo Zamfara, 'yan bori suka watse, aka daina zuba mata nono da yanka mata baƙin zakara. Hana wannan daidai ne, don shirka ce tsagwaronta. Sai dai Asibi ba ta yafe ba.

Kyauta ba ta tashi daga durƙuson ba.

"Inna, shi ba irin su ba ne. Ran da na hwara ganinshi ina hutawa bayan teburinshi, wurin da ƙasa ke da sanyi. Ya ɗauko tukunya zai zubar da ruwa, sai na ji ya ce, 'Bismillahi. Bayin Allah na ɓoye, a gafara, a janye yara.' Inna, tunda nike ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ce mini a gafara."

"Shi ya sa kinka sace mini zane?"

Kyauta ta sunkuyar da kai. Gaskiya ne. Asibi tana da wani baƙin saƙi da duk aljanar da ta ɗaura shi za ta fito a siffar mutum. Wata uku Kyauta tana ɗaukar sa a ɓoye, ta ɗora ƙwaryar nono a kai, ta je tasha a matsayin 'yar Fulani.

"Aro na yi, Inna..."

"Aro." Asibi ta ajiye matsefi. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta yi wani murmushi da ya kamata a ce Kyauta ta ji tsoronsa. "To, ɗiyata. Tunda bisimillarshi ta sace miki zuciya, bari mu gwada ta. Kwana bakwai zan ɗaure ki da silin gashina a daidai wurin da yake zubar da ruwa. Ba ya ganinki, ba ya jinki, kuma ba ki hwaɗa mishi komi kahin nan. In ya ambaci sunan Allah, gashin zai sake ki, ki kauce. In ya cika bakwai bai manta ba, na bar miki zanen har abada, ni da kaina zan zama tsohuwar Bafulatana in karɓi magabatanshi."

"In ya manta fa?"

"Ke kinka ce ba ya mantawa."

Kyauta ta rungume ƙafafunta tana kuka da dariya a haɗe. "Na yarda, Inna. Allah ya bar mini ke."

Washegari da hantsi ta je yi masa sallama. Sha'aibu saurayi ne siriri, baƙi, mai wushirya, ɗan asalin Kasuwar Daji. Yana hango ta ya fara goge teburin da ya riga ya goge.

"'Yar Fulani, tsaya daga can. 'Yan hisba sun wuce yanzu, kuma fuskata ba ta iya ɓoye komi."

Ta tsaya, tebur a tsakaninsu. "Mi fuskar taka ke hwaɗi?"

"Tana cewa mai nono ta makara, mai shayi ya kusa mutuwa."

"Allah ya sawwaƙe. Kai da bakinka."

"To yaushe za ki nuna mini rugarku? Kawuna ya gaji da tambaya. Ya ce ko dai aljana nike nema."

Ta yi dariyar yaƙe. "In aljanar ce fa?"

"Sai in ce ta zo, gidanmu da inuwa."

Ta kalli ƙasa. "Zan yi tahiya, Sha'aibu. Kwana bakwai. In na dawo, ka turo su."

Ya daina goge teburin. "Bakwai? Kyautata, kwana ɗaya ma ya nike ƙarewa?"

"Ka yi haƙuri, sanyin idona. Abu ɗaya nike roƙo... duk abin da ka saba yi, kada ka bari. Ko ƙarami ne."

"Ni mi na saba in ba tunaninki ba?"

Ta so ta faɗa masa ƙarara. Ta kasa, don sharaɗin ya hana. Ta zuba masa nono a kofi, ta juya da sauri kada ya ga idonta.

Ranar farko Asibi ta kai ta bayan teburin, inda ƙasa ta yi baƙi saboda ruwan da ake zubarwa kullum. Ta ɗaure mata ƙafa da silin gashi ɗaya, ta soke bakinsa a ƙasa. Kyauta ta ja, ta ji kamar sarƙa.

Da rana ta ɗaga, masu karin kumallo suka watse, Sha'aibu ya sauke tukunyar daga wuta ya zagayo da ita, tururi na tashi.

"Bismillahi. Bayin Allah na ɓoye, a gafara, a janye yara."

Gashin ya saki. Kyauta ta yi tsalle gefe, ruwan ya sauka inda ta tashi. Ta tsaya tana kallonsa kamar ta taɓa shi.

Haka rana ta biyu, haka ta uku. Sai dai Sha'aibu ya fara ramewa. Yana zuba wa mutum sukari sau biyu, ya miƙa wa mai neman burodi ƙwai. Wani direba, Mudi, ya kurɓi shayi ya yamutsa fuska.

"Sha'aibu, wanga shayi ne ko zuma? In mai nono ta gudu, mu kada ka kashe mu."

"Ba ta gudu ba. Tahiya ta yi."

"Haka tawa ta ce, yau shekara huɗu."

Aka yi dariya. Sha'aibu bai yi ba. Kyauta tana ɗaure a bayansa tana jin komai, tana cewa a ranta, saura kaɗan, masoyina, saura kaɗan.

Rana ta shida muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma ya faɗa. Da Kyauta ta koma gida tana rawa, Asibi ta dube ta kawai ta ce, "Madalla."

Rana ta bakwai Asibi ta ɗaure ta da kanta, ta ƙara ƙulli, ta shafa kanta, ta tafi.

Hantsi ya yi. Sha'aibu ya naɗe hannu da tsumma, ya sauke tukunyar, ya zagayo. Yana tsaye a kanta, taku ɗaya tsakaninsu. Ya buɗe baki.

A daidai lokacin wata budurwa ta fito daga cikin tasha, da baƙin saƙi a jikinta. Fuskar Kyauta ce, tafiyar Kyauta ce. Hannuwanta da ƙafafunta sun sha jan lalle irin na amare, wani mutum yana biye da ita ɗauke da akwati. Ta dubi Sha'aibu ido cikin ido, ta kau da kai, ta shiga motar mata mai zuwa Shinkafi. Motar ta tashi.

Kyauta ta gane zanen. Ta gane wadda ke cikinsa: Asibi ce.

"Sha'aibu, ba ni ba ce! Ga ni nan... ka yi bisimilla, don Allah ka yi..."

Ba ya jin ta.

"Kyauta..." in ji shi. Ya watsar da ruwan gaba ɗaya, ya jefar da tukunyar, ya ruga bayan mota.

Laifinsa ɗaya ne, amma laifi ne. Ya sa sunan mace a inda sunan Allah yake zama. Gashin bai saki ba.

Ruwan ya sauka mata daga kafaɗa zuwa ƙugu. Fikafikanta masu sheƙi suka narke suka manne da bayanta, gefen fuskarta ya saluɓe. Ta yi ihun da ya tashi tsuntsayen tasha duka, mutane suka ɗaga kai suna mamakin abin da ya firgita su. Sha'aibu yana can kan titi ba takalmi, yana kiran sunanta yana bin ƙurar mota.

Can sai ga Asibi ta dawo a siffarta. Ta kwance gashin a hankali, ta ɗauki Kyauta ta goya, ta kai ta gida.

Kwana tara Kyauta ba ta san inda take ba. Asibi ba ta matsa daga gefenta ba. Tana fifita ta, tana ɗiga mata ruwa a baki, tana kiranta da sunayen yarinta. Ranar da ta buɗe ido, abin da ta fara ji shi ne ƙarar wasa wuƙa.

"Inna... mi za ki yi?"

"Dokarmu kin san ta. Wanda ya ƙona namu ba bisimilla, muna da ramuwa. Hannunshi na dama zan shanye, sannan in taɓa mishi hankali. Ya yi ta yawo a tasha yara na jifa."

"Ke kinka ruɗe shi."

"Ni na riƙe mishi baki? Harshenshi ne, ya zaɓi abin da zai hwaɗi."

Kyauta ta yunƙura, ciwo ya mayar da ita. "Ni anka ƙona. Na yahe."

"Yahiyarki sai da yardar uwar goyo. Yarinya ce ke."

"To ki ba ni zanen in je mishi. Ko da wagga fuska zai karɓe ni, Inna, na sani."

Asibi ta dakata da wasa wuƙar. "Ni ma na sani," in ji ta. "Shi ya sa ba ki zuwa."

Ta juyo ta dubi Kyauta, ta ci gaba.

"Ki rantse ba ki ƙara nuna mishi kanki, ba ki ƙara taka Ƙaura. In kin rantse, na bar mishi hannunshi da hankalinshi. In kin ƙi, yanzu zan tahi."

Kyauta ta tuna hannun nan yana goge tebur don ya sami abin yi. Hawaye ya bi ta kan ƙunar, ya ƙara mata zafi.

"Na rantse da wanda ya halicce mu da su."

Asibi ta ɗauko baƙin saƙin ta jefa a wuta a gabanta, ta tsaya har ya zama toka.

Sha'aibu ya rufe teburinsa wata biyu. Ya hau mashin ya bi rugage daga Zurmi har Galadi yana tambayar wata Kyauta mai nono. Ba wanda ya taɓa jin ta. Ya dawo ya ci gaba da shayinsa, ya zama mutum marar magana. In aka ambaci mata sai ya ce, "Mayaudara ne," ya juya baya. Har yau bai san abin da ya zuba wa ruwa ba, bai kuma san wadda ta sayar da rayuwarta don hannunsa ba.

Kyauta ta warke, in ana kiran wannan warkewa. Ba ta ƙara tashi sama ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki, bayanta a tattare kamar tsohuwar fata.

Wata safiya Asibi ta zo da kaskon magani ta zauna kusa da ita. Kyauta ba ta dube ta ba.

"Inna, don mi?"

"Shekara casa'in ina goyonki. In miƙa ki ga mai dahwa ruwa, ki zama 'yar Adam, ki tsufa cikin shekara arba'in ki mutu ki bar ni?" Ta dama maganin da yatsa. "Gara ina ganinki da tabo kullum da in rasa ki da kyawunki."

"Ba ki ji tausayina ba?"

"Na ji. Har yanzu ina ji. Juyo da bayanki, magani na bushewa."

Kyauta ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta juya mata bayan, don ba ta da wani mai shafa mata.