Awar da Ta Rage a Hannuna

Yaya Babagana, kwana ashirin ke nan da abokinka Pindar ya kira ni. Ya ce da baƙi suka watse aka rufe otal ɗin da kake aiki, sai ka bi jirgin masunta kafin lokacin tsinkar zaitun. Jirgi ya dawo, babu kai. Na ce masa to. Na ci gaba da wanke kekena.

Agogon da ka aiko yana hannuna, a kan lokacin tsibirinku na Girka. Duk Lahadi, takwas ɗinku, shidanmu, kakan kira in miƙa wa Iya. Ƙarshen Oktoba kuma kai ke tuna mini: "Imran, mayar da shi baya da awa ɗaya. Mutanen nan sukan ba da awa da sanyi, su karɓe ta a Maris." In ce ita rana an gaya mata? Ka yi dariya.

Bana babu mai tuna mini.

Lahadin ƙarshen wata na karɓo wayata wurin mai caji a unguwar Dala. Na yi magariba, na yanko ta bayan gidan bulo. Ana suyar kifi a wani gida. Janareta na kuka. Na duba hannuna: takwas daidai.

Janareta ta yi shiru. Karnuka ma.

Sai wani wari, na gishiri da danshi. Ban taɓa ganin teku ba, amma na gane ta.

Waya ta kama ƙara. Sunanka.

"Imran." Muryarka can ƙasa, ruwa na bugun katako a bayanta. "Ba ka mayar da agogo ba."

"Yaya, an ce..."

"A tsibiri yanzu bakwai ne. Takwas ɗin nan a hannunka kaɗai take. A cikinta nake."

Yashin ƙarƙashin silifas ɗina ya jiƙe. Ruwa mai sanyi ya rufe idon sawuna.

"Kai wa Iya wayar. Na yi mata alkawari zan ɗauke ta ta ga teku."

Na fara tafiya, Yaya. Wallahi na fara. Tunda nake ban taɓa yi maka musu ba.

Ruwa ya kai gwiwa.

Muryar ta bar wayar. Ta dawo bayan kunnena.

"Yi sauri, ƙanena. Awa ɗaya ce."

Wani abu na ɗiga a wuyana. Na tuna Iya a kan tabarma, da ƙafarta mai ciwo, yadda ko kwata sai na riƙe ta take tsallakewa.

Na tsaya. Na zaro maɓallin saita agogon da farce.

Yatsu suka kama tsintsiyar hannuna. Na san su. Har da tabon wuƙa a babban yatsa.

Na murɗa.

Bakwai.

Hon ɗin keke mai ƙafa uku ya cika kunnena. "Malam, tsakiyar hanya ce ɗakinka?" in ji direban. Yashi a bushe. Wandona kuwa sharkaf, kuma kafin in isa gida a Mafoni ya bushe da farin gishiri.

Iya na zaune inda na bar ta.

"Yayanka ya makara yau."

"Sun canza lokaci, Iya."

"Au, sanyi ya shigo musu ke nan. Allah ya sa ya sayi bargo."

Muka jira har isha'i. Ta yi gyangyaɗi, na lulluɓe ta.

Tun ranar, duk asuba nakan iske agogon ya koma gaba da awa ɗaya, gilashinsa da raɓa ta ciki. In mayar da shi kafin Iya ta farka. Na jefa shi a rijiya sau biyu, na farka yana hannuna.

Jiya ta tambaye ni saura wata nawa Maris. Ta ce ta yi mafarki ka ce ta shirya.

Har yanzu ban gaya wa kowa ba, Yaya. Ko ita.