Allura ta Bakwai a Tungar Dikko

Ƙarfe takwas na safe Sajan Hayatu ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Yallaɓai, an kuma. Tungar Dikko. Wani malamin makaranta ne bisa babur, ya cika."

Insfekta Junaid ya miƙe ya nufi taswirar da ke bango. Shekara biyu ke nan yana soka jar allura a duk inda aka yi haɗari a hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa fadama. Abokan aiki har sun laƙaba masa Tela, amma a bayan idonsa, don kowa ya san allura ta huɗu a Tungar Dikko ta matarsa ce, Sadiyatu.

Ɗan kabu-kabu ne ya ɗauko ta daga ƙauyen iyayenta, daga ita har shi babu wanda ya iso. Aka rubuta cewa mota ta buge su ta gudu, aka rufe fayil. Junaid dai bai rufe ba. Har yau in aka taɓa ƙofar gidansa a Gawon Nama da yamma, sai kewa ta taso masa ɗanya shar. Abu biyu yake son sani: me ya kashe ta, kuma ko akwai wani a kanta lokacin.

Ya soka ta bakwai, ya jawo fayilolin ya jera. Wurin miƙaƙƙe ne, ba kwana ba rami. Duka bakwai babura ne, duka kuma da kaka.

"Hayatu, wace irin mota ce ba ta kisa sai an yanke shinkafa?"

A bakin hanyar suka iske mai shaida, Sodangi, dattijon manomi mai saurin baki.

"Ranka shi daɗe, da idona nig gani. Babbar mota ce, tab banke shi taw wuce."

"Wace kala?"

"Ja. A'a, kamar shuɗiya."

Junaid ya duba babur. Babu fentin mota a jikinsa, babu sawun birki a kwalta. Ƙafar gaba ce kawai ta lotsa ciki, alamar ta daki wani abu gajere mai tauri.

Ya durƙusa ya sa yatsa a tsagar kwalta. Ƙwayoyin shinkafa ne, da ƙaiƙayinsu.

"Wa ke shanya a nan?"

"Nan? Mu ba mu shanya bisa hanya, Yallaɓai. An hana."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Junaid ya gangara gefen titi, ya tarar da manyan duwatsu shida a cikin ciyawa. Ya mirgina ɗaya, ciyawar ƙarƙashinsa kore ce, ko yaushi ba ta yi ba. A jikin na biyu akwai baƙin tabon taya.

"Baba, yau da safe aka jefo waɗannan. Duba tafin hannunka, har ya kuje."

Sodangi ya dubi hannunsa, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni na aza su. Kwalta ta fi ko'ina busar da shinkafa, sai in jera duwatsu kada mota ta taka. In na kwashe shanya da marece sai in bar su, don in ka ɗauke, kafin gari shi waye wani ya kama wurin. Wallahi ba da nufi ba ne."

"Tun yaushe?"

"Kaka huɗu."

Junaid ya durƙusa a gabansa. Tambayar da ta biyo baya ba ta aiki ba ce.

"Kakar bara waccan, da magariba, wata mata da ɗan kabu-kabu. Kana nan?"

"Ina nan. Ni nit tallabe kanta, nib ba ta ruwa. Har saƙo tab ba ni ga maigidanta, tsoro yah hana ni nemansa."

"Me ta ce?"

"Tac ce a gaya ma Junaidu shi yi haƙuri ta makara, kada shi damu, tana hanya."

Hayatu ya sunkuyar da kai. Sai a nan dattijon ya lura da sunan da ke rubuce a ƙirjin kakin insfekta, ya ɗora hannu biyu a ka yana salati.

Aka sa masa ankwa, aka shigar da shi bayan mota. Hayatu ya tayar da inji, ya jira, ya sake jira.

"Yallaɓai, mu tafi?"

Junaid yana tsaye a tsakiyar kwalta, ya juya wa Sakkwato baya, yana kallon hanyar da ta fito daga ƙauyen iyayen Sadiyatu.

"Ba ni minti biyar," ya ce.