Mangwaro Uku Cikin Goma Sha Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu sha labari, Kaka.

Da hantsi wani mai lambu ya faɗo caji ofis, hula a hannu. "Ranka ya daɗe, an yi mini kisa!"

Sufeto, wanda ake kira Sannu-Sannu don bai taɓa gaggawa ba, ya ɗago kai. "Gawa nawa?"

"Uku. Mangwaro."

Kada ku yi dariya. Hukumar tsara gari ta mai da layin su mai lambu wurin kasuwanci, za a rushe a gina shaguna. Tsofaffin itatuwansa goma sha biyu kaɗai suka hana a haɗa da lambun.

Sufeto ya je ya tona gindin busassun. An huda kowanne, an ɗura maganin ciyawa, an toshe da takarda. Ya zaro ɗaya ya sa a aljihu.

"Kana da abokin gaba?"

"Ɗan kwangilar da zai gina shagunan."

"'Yan'uwa fa?"

"Ni kaɗai Baba ya bari," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Ɗan kwangila ya rantse bai taɓa taka lambun ba, sai da aka nuna masa turakun awonsa a jikin shinge.

"To, na auna. Awo laifi ne? Yallaɓai, dube ni da kyau. Ni mai katafila, in zan yi ɓarna, uku zan kashe in bar tara?"

Wannan magana ta tsaya wa Sufeto a rai. Ya wuce ofishin tsara gari.

Darakta ya ce, "Sabuwar ƙa'ida ce: lambun da ke da tsofaffin itatuwa goma ba a taɓa shi. In suka kasa goma, ya bi sauran layin. Ba mu ma manna sanarwar ba tukuna."

"Wa ya san adadin?"

"Ni, sai mai buga mana takardu."

Tana can lungu, mace mai tabarau, ba ta ko ɗago ba.

"Malama, kin san mai lambu?"

"Ban san shi ba."

"Ikon Allah. Ke da shi ga hanci iri ɗaya, ga wushirya iri ɗaya." Ya warware takardar nan a kan teburinta. Gurɓataccen shafin ƙa'idar ne, wanda ta yi kuskure a ciki. "Kwandon shararki ya yi tafiya mai nisa."

Ta cire tabarau a hankali.

"Yayana ne. Ya ce maka yana da ƙanwa?"

"Ya ce shi kaɗai ne."

"Ka ji ko! Da mijina ya rasu na koma ɗakin Baba da ke lambun. Wata biyu, Yaya ya watso mini kaya waje, wai zai ajiye taki. Taki, Yallaɓai! Shekara bakwai ina haɗiye wannan. Ran da na buga kalmar goma, na ce Allah ya kawo ni. Ya hana ni ɗaki, ni kuma na hana shi ƙasa."

"Me ya sa waɗannan ukun?"

"Su ya dasa da hannunsa. Taran na Baba ne, ba zan taɓa su ba."

Sufeto ya girgiza kai. "Baiwar Allah, katafila ta san na Baba?"

Wallahi, sai a lokacin abin ya faɗo mata. Aka kira 'yar sanda ta fita da ita, ba ta ko ɗauki jakarta ba.

Kotu ta ba ta wata shida, aiki kuma ya tafi. Mai lambu ya karɓi diyya ya koma gidan haya, ko gaisuwa ba ya yi da kowa. Ɗan kwangila ya tuge taran cikin yini ɗaya, ya gina shaguna arba'in. Sannu-Sannu kuwa aka yi masa canjin wurin aiki, bai taɓa sayen ko allura a kasuwar ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.