Kwanon Nata'ala a Bakin Ƙofa

A kan matattakalar bene Nata'ala ya tsinci jakarsa, an wurgo ta daga sama, littattafai da riguna sun watse ko'ina... Shi kuwa jikinsa sai kyarma yake yi saboda zazzaɓi, ƙarambau ya feso masa tun daga goshi har tafin ƙafa. Kai jama'a! A ce ɗan Adam za a yi wa haka a Alƙahira, garin da ba uwa ba uba, kuma masu yi masa 'yan uwansa ɗalibai Hausawa ne da suka shekara suna sa hannu a faranti ɗaya!

Maraya ne ɗan Gusau, baffansa ya riƙe shi, kuma tare da Badamasi ɗan baffan nasa suka zo karatu wata ƙaramar makarantar Larabci, suka kama haya a unguwar Hadayek el-Ma'adi da sauran 'yan ƙwallon makarantar. Ƙungiyar tasu abar dariya ce, ba koci, takalma ma rabi na aro ne, amma sai ga ta ta kai wasan ƙarshe a gasar ɗalibai, za ta kara da wata jami'ar 'ya'yan masu hali da ba a taɓa ci ba. Kowa ya san hannun Nata'ala ne ya kawo su nan, don shi ne gola. Badamasi kuwa gola ne na benci, bai taɓa shiga ba, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai. Kwanakin baya da Badamasi ya kwanta yana cewa mura ce, ya ƙudundune cikin jallabiya ko barci ba ya cire ta, wa ya yi jinyarsa? Nata'ala ne! Shi ya dafa masa citta, shi ya wanke masa kaya.

Da ƙurajen suka fito wa Nata'ala, sai aka cire shi daga faranti, ana zuba masa abinci a wani tsohon kwano mai lamba a ajiye a bakin ƙofa kamar na mage. Ya riƙa cin abinsa a nan, don ya san ciwon ana ɗauka. Amma da 'yan wasa uku suka kwanta a bayansa, sai Badamasi ya tara mutane a falo.

"Wallahi ya san yana da shi ya ɓoye!" in ji Badamasi, har da dukan ƙirji. "Don kada a karɓe masa gola ya riƙa cusa hannu a abincinmu. Ni da ban taɓa yin ƙarambau ba, Allah ne kawai ya tsare ni!"

"Yaya Badamasi... ni?" Nata'ala ya faɗa, hawaye na bin ƙurajen fuskarsa. "Ka ji tsoron Allah. Ranar da na ga ƙurji na farko, ranar na faɗa muku."

Illiyasu kyaftin, ɗan Maraɗi ne mai saurin fushi, ko tsayawa bincike bai yi ba. "Khalas, ya isa! Mun ji. Ka bar mana gida, kuma ka manta da wasan ƙarshe."

Haka aka yi kuwa. Abin haushi bai tsaya nan ba, don Badamasi ya riga ya kira gida ya juye labarin yadda yake so. Nata'ala na tsugune yana tattara kayansa sai ga wayar Baffa: "Ashe mugu na riƙa ban sani ba? Ka zubar mana da mutunci a ƙasar mutane!" Ƙit, ya kashe. Haba! Ko ya jiki ba a ce masa ba.

Mahasin ce ta gan shi, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan mai sayar da shayi a bakin lungun. Ta yi salati, ta kama shi ta kai ɗakin da take ajiye gawayi da kofuna, ta shimfiɗa masa tabarma. "Ma'alish, kar ka damu ɗana, wanda ya yi haƙuri shi ke dafa dutse." Kullum sai ta tafasa busasshen ganyen darbejiya da ake kawo mata daga Sudan ya yi wanka, tana mita wai ganyen ya kusa ƙarewa, wani ɗalibi ya saye rabinsa a ɓoye tun kafin ciwon ya shigo unguwa. Nata'ala bai kawo komai a ransa ba. Shi dai addu'arsa ɗaya ce in ya kai goshi ƙasa: "Ya Allah, ban damu da ƙwallo ba, ka wanke ni kawai... ka wanke ni!" Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka, ƙurajen suka bushe suka fara zubewa, amma ya rame har wandonsa sai da igiya.

Ranar wasa ya ce ba zai je ba, Mahasin ta ɗaura mayafi ta ce, "Yalla, tashi! Mai laifi ke ɓuya." Suka je filin a Ma'adi, suka zauna can gefe ba wanda ya kula su. Rana kuwa ta take kamar ta dafa mutum, amma ga Badamasi a raga da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin jesi, har wuya a rufe. Wai shi gola! Ƙwallon farko da aka buga masa ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce, magoya bayan jami'ar suna ta shewa. Kafin a tafi hutu sai aka ga ya yi tangal-tangal, ya zube a bakin raga, zafi ya kwashe shi.

Illiyasu ya ruga da ruwa, ya fizge rigunan biyu don ya sha iska... sai ya tsaya cak. Bayan Badamasi da ƙirjinsa duk tabon ƙarambau ne, baƙaƙe, sun daɗe da warkewa, sun girmi na kowa a ƙungiyar!

"La ilaha illallahu!" Mahasin ta kutso tana nuna shi. "Wannan ne! Shi ya sayi darbejiyata, ya ce kada in faɗa wa kowa!"

Badamasi ya buɗe ido ya ga an kewaye shi, ya fara lalubar riga yana inda-inda. Ina! Bakin alƙalami ya bushe. Illiyasu ya juya ya nufi Nata'ala, ƙaton mutum sai ga shi yana kuka wiwi, ya durƙusa a gabansa. "Ɗan uwa, mun zalunce ka... Ba don ƙwallo ba, don Allah ka yafe mana."

Nata'ala ya ɗago shi, ya share ido, ya ce, "Na yafe, Kyaftin. Miƙo min safar hannun."

Jiri na ɗibarsa ya shiga, amma duk abin da aka harbo sai ya tarar da shi. Illiyasu ya farke da ka, aka tashi kunnen doki, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Nata'ala ya kama ɗaya, ya ture ta ƙarshe da yatsu, ya faɗi bai iya tashi ba. Filin ya kaure da kabbara, 'yan makarantar da ake wa dariya sun ɗauki kofi, Mahasin na rangaɗa guɗa!

A ranar Illiyasu ya kira Baffa ya faɗa masa gaskiya, tsohon ya yi ta kuka yana neman gafara, ya ce Badamasi ya jira hukuncinsa. Da aka sauke shinkafa bayan magariba, aka zaunar da Nata'ala a tsakiya, aka ce ba mai sa hannu sai ya fara. Badamasi kuwa aka zuba masa a tsohon kwanon nan mai lamba, aka dangwarar a bakin ƙofa. Ni da ni ne, wallahi ko romo ba zai gani ba! Amma Nata'ala ya daɗe yana kallon kwanon, hawaye na ɗiga a kan hannunsa, sannan ya ɗauki tsokar naman da aka tura gabansa ya miƙa wa Illiyasu.

"Kai wa Yaya," ya ce. "Na san yadda abinci yake a wurin nan."