Hoton Jar Ganuwa

Aina'u na durƙushe a tsakar gidansu na Ɗorayi. Hafsat, ƙanwar mijinta, ta ɗaga wayar da ta ƙwace mata sama.

"Yaya Salisu, duba da idonka! Ranar da aka yi wa Hajiya tiyata ce fa!"

Shigowar Salisu ke nan daga kamfanin fata na Challawa, ko takalmi bai cire ba. A lokacin tiyatar hutu aka hana shi, shi ya sa ya damƙa wa matarsa amanar mahaifiyarsa, ta raka ta asibiti a Delhi. Ya karɓi wayar. Ga Aina'u a hoto tana dariya, bayanta jar ganuwar tsohuwar fadar sarakunan Indiya.

"Ke ce wannan?"

"Ni ce," ta amsa. "Likita ya ce aikin zai daɗe. Na ce bari in leƙa Lal Kila, wato wurin nan na hoton, in dawo, tun ina yarinya nake ganinsa a fim. Na shiga ƙofa bayan ƙofa, har inda sarki ke zama... na manta da agogo. Ga goslo a hanya. Kafin in iso Hajiya ta farfaɗo, tana ta kiran sunana, ba mai jin Hausa a wurin."

"Wallahi sai ta bar gidan nan!" in ji Hafsat.

Salisu ya miƙa wa Hafsat wayar, ya kalli Aina'u. Da wannan kallon, gara ma ya mare ta. Wata biyu abin na cin ta, ko addu'a Hajiya ta yi mata sai ta ji kamar ta nutse.

"Hafsat, mayar mata da wayarta!"

Hajiya ce ta fito, tana dogara sanda.

"Tun ranar na sani, tikitin shiga ya faɗo daga jakarta. Na tsorata da na farka ni kaɗai, ba zan ɓoye ba. Amma kwana ashirin yarinyar nan tana min wanka, tana kwashe min fo. Ke da na haifa, cewa kika yi warin asibiti na sa ki amai!"

Aina'u ta fashe da kuka, ta riƙe ƙafafunta. "Hajiya, ku yafe min!"

"Na yafe tun a can."

Salisu ya tsugunna gefenta. "Ba zuwan ne ya fi min ciwo ba, ɓoyewar ce. Tashi."

Ta tashi, ta kasa haɗa ido da shi. Amana ba a ajiye ta ko na ɗan lokaci, kuma laifin da ka faɗa da bakinka ya fi saurin warkewa.