Awa Takwas a Ishigaki

"Ki kai ni inda za mu yi magana."

Chinatsu ta gane muryar tun kafin ta dubi madubi. Tsohuwar da ta shigo bayan tasinta ta rame, har da sanda a hannu, amma ita ce dai: mahaifiyar Wen-liang.

Tun ƙarfe tara ƙaton jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya iso tsibirin Ishigaki daga birnin Keelung da ke ƙetaren teku, ƙarfe biyar kuma zai tashi. Fasinjoji sun cika bakin tasha, kowa na neman motar da za ta kai shi kasuwa ko bakin teku.

"Ga motoci nan birjik, Mama. Ki shiga wata."

"Taki nake nema. Direba uku na tambaya kafin aka nuna mini ke."

Chinatsu ta ja mota.

Shekara huɗu da suka wuce tana aiki a wani otal a Keelung, can ta haɗu da Wen-liang, mai gyaran injin jiragen kamun kifi. Ranar da ya kai ta gida, uwar ko shayi ba ta ba ta ba. Ta ce ɗanta ɗaya ne, ba za ta bari a tsallaka mata teku da shi ba. Bayan wata guda Shu-fen, 'yar maƙwabtansu da uwar ke so ya aura, ta turo mata hoton katin biki, ga sunansa ga na Shu-fen. Chinatsu ta toshe lambarsa, ta haɗa kayanta ta dawo gida, ta karɓi tasin babanta da idonsa ya fara rauni.

Ta tsaya a inuwar wata bishiya kusa da gonar abarba, ta kashe mota.

"Ina jin ki."

"Ba a yi bikin nan ba," in ji tsohuwar. "Shu-fen ce ta buga katin, guda ɗaya tak, don ke. Na sani tun a lokacin, na yi shiru."

Chinatsu ta ƙanƙame sitiyari.

"Me ya hana shi nemana?"

"Ni na ce masa kin koma wajen wani saurayinki na gida... Ya kira, ya ji a toshe, ya yarda."

"Sai yau kika tuna da ni?"

"Kullum ina tunawa. Shekara huɗu yana kai ni asibiti, yana dafa mini abinci, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ban ƙara jin dariyarsa ba. Na riƙe ɗa a gida, 'yata, sai dai ba shi na riƙe ba."

"Yana ina?"

"Cikin jirgi. Ya ce ba zai taka garinki ba, kar ya gan ki da miji."

Chinatsu ta daɗe tana kallon gonar. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ban yafe miki ba tukuna, Mama."

"Ban zo da wannan tsammanin ba. Ki kira shi kawai."

Lambar na nan a kanta. Bugu biyu ya ɗauka.

"Natsu...?"

"Ni ce. Ka sauko."

"Mijinki fa?"

"Ka sauko ka nuna mini shi, ni ma ina son ganinsa."

Ta same shi a bakin tasha sanye da silifas, ko gashi bai taje ba. Uwarsa ta maimaita komai a gabansa ba tare da ta rage ba. Ya saurara har ƙarshe, ya juya baya ya goge ido, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Kin rame, masoyiyata."

"Kai kuma ka yi furfura. Ɗaura bel."

Gidansu ta kai su. Mahaifinta, Baba Miyara, ya tsaya a ƙofa ya tare hanya.

"Waɗannan ne suka dawo mini da 'ya tana kuka?"

"Ni ce, ba shi ba," in ji tsohuwar. Ta ajiye sandarta, ta sunkuya ƙasa-ƙasa duk da ciwon bayanta.

Baba ya bar ta a haka na ɗan lokaci, kafin ya matsa gefe.

"Taliya ta dahu. Ku ci tukuna."

Ƙarfe huɗu da rabi Chinatsu ta mayar da su tasha. Wen-liang ya riƙe hannunta har sai da ma'aikacin jirgi ya yi masa magana sau biyu.

"Ki ba ni sati uku."

"Biyu."

Kwana goma sha ɗaya ya yi, ya sauka ta jirgin sama da jaka ɗaya da akwatin kayan aikinsa. Masunta a Ishigaki ma injinsu na lalacewa, bai rasa abin yi ba.

A watan Maris aka yi bikin. Da aka zo raba ɗakuna a sabon gidan, Chinatsu da kanta ta ware wa surukarta na ƙasa, saboda tsohuwar ba ta iya hawa bene.