Sakatar Ƙofar Kudu

Da hantsi labari ya iso wa Inusa, Sarkin Dogaran Matameye: an sace sakatar Ƙofar Kudu. A wancan zamani, kafin zuwan Nasara, babu sufeto babu jandarma. Bincike aikin dogari ne.

Sakatar nan baƙin ƙarfe ce mai kamu uku, da lanƙwasa a kai. Maƙeran farko na garin ne suka haɗu suka ƙera ta. Sau biyu mahara suna dukan ƙyauren da take riƙe da shi, su gaji su koma. Duk ɗan gari da zai yi tafiya sai ya shafa ta, ya shafa fuska, don ya dawo gida lafiya.

Hakimi ya yanke magana. In ba a gan ta ba kafin kasuwar gobe ta watse, za a tuɓe rawanin Illa, Sarkin Ƙofa, sarautar da ke gidansu tun kakan kakansa.

Inusa ya iske tsohon a zauren ƙofa, dattawa kewaye da shi suna ta "Allah ya kyauta". Abin da suka iya ke nan.

"Baba Illa, yaushe rabonka da ita?"

"Shekaranjiya da magariba na zura ta da hannuna. Jiya ma haka."

Inusa ya leƙa ramin da sakatar ke shiga a jikin bango, ya sa yatsa ya ɓantaro wani abu.

"Gidan zanzaro ne wannan, Baba, har ya bushe. Ko shi yake matsa mata kullum ta shiga?"

Illa ya sunkuyar da kai. "Wata uku ban ɗaga ta ba. Kafaɗa ta ƙi. A lungu nake jingine ta, in tokare ƙyaure da icce. Ai gari lafiya."

"Waɗanda suka ɗauko ƙasar ganuwar nan a ka, da 'gari lafiya' suka gina ta?" Inusa ya juya ga dattawan. "Ku kuma kullum kuna nan zaune, babu wanda ya ce kawo in kama maka!"

Daga nan sai maƙera. Sallau, babban maƙerin garin, bai ko ɗago daga zuga ba.

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe."

Inusa ya tsugunna. A kan yashi ga shatin wani dogon abu mai lanƙwasa, kusa da shi ga ɓurɓushin sabuwar kaba.

"Wace fartanya ce mai kamu uku, Sallau?"

Maƙerin ya daina zuga. "An kawo mini ita jiya da azahar, a naɗe cikin tabarma, wai in sare ta in yi fartanyoyi. Na ce hannun kakana yana jikinta, wutata ba ta cin ta. Babu maƙerin garin nan da zai karɓa."

"Sunansa?"

"Sai da ya sa na dafa uwar maƙera na rantse kafin ya warware tabarmar."

Inusa bai matsa ba. Ɓarawon mai tabarmi ne, kuma dole ya fitar da ƙarfen wani gari. Inusa ya sa dogarai su rufe sauran ƙofofin ranar kasuwa, ban da ta Kudu.

Washegari da la'asar ya jingina da ƙyauren Ƙofar Kudu kamar mai hutawa. Fatake huɗu 'yan gari masu tabarmi suka taho da takarkarai. Na farko ya miƙa hannu lungun da aka saba jingine sakatar, ya shafi bango, ya yi salati. Na biyu da na uku haka. Na huɗu, mai suna Shekara, ko kallon lungun bai yi ba. Yana isa bakin ƙofa hannunsa ya kai kan ƙunshin tabarmin da ke bayan takarkarinsa, ya shafa, ya shafa fuska.

"Shekara! Yaushe tabarma ta yi albarka haka?"

"Ƙura nake kakkaɓewa, ranka ya daɗe."

"Da fuskarka?"

Dogarai suka warware. Ƙarfen ya faɗi ƙasa, tim.

Shekara ya durƙusa. "Ni ne. Na ga an yar da ita a lungu, na ce ba ta da mai ita. Kudu zan kai wa maƙeran da ba su san ta ba."

"To me ya kai hannunka?"

"Wallahi ban san na yi ba. Tun ina goye uwata take kama hannuna ta ɗora a kai."

"Ka shafa don ka dawo gida," in ji Inusa. "Ga shi ta dawo da kai." Aka tasa shi gaba zuwa gidan Hakimi.

Rawanin Illa ya tsira. Da magariba Inusa ya share ramin da kansa, ya tayar da dattawan nan daga tabarmarsu. Suka kama, Illa yana riƙe da lanƙwasar, suka zura. Har cikin maƙera Sallau ya ji ƙarar shigarta.